Yadda ake gano sabon nau'in faɗa-wuta, malam-buɗe-littafi ko buzuzu a ƙasar Damagaram

Daren da ruwan farko ya jiƙa ƙasa a Zinder, duk ƙwan fitilar da ke kunne a Birni ko Zango ko Garin Malam sai ka tarar ƙwari sun yi masa dafifi. Shinge ne ya fi yawa, amma a cikinsa akwai faɗa-wuta iri-iri da ƙwari masu taurin baya, dangin buzuzu da hangara. Mu da suna ɗaya ko biyu muke kiransu duka. A wajen masu ilimin ƙwari kuwa, masu taurin bayan da aka riga aka raɗa wa suna a duniya sun kai wajen nau'i 400,000, faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi kuma wajen 160,000, kuma babu shekarar da ba a ƙara sababbi. Sahel na cikin yankunan da ba a yi wa ƙwarinsu binciken ƙwaƙwaf ba, don haka ɗalibi ko malamin gona da ke nan zai iya samun abin da ba shi da suna a ko'ina.

Sai dai baƙo a gonarka ba shi ne baƙo a duniya ba. Tsutsar da ta addabi tumatir a ƙasar Hausa, Tuta absoluta, tun 1917 aka bayyana ta daga ƙasar Peru. Tsutsar masara da ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 2016, Spodoptera frugiperda, sunanta na nan tun 1797. Murzunar da ke cin zangarniyar hatsi, Heliocheilus albipunctella, an sa mata suna a 1925. Kuma an riga mu kamun ƙwari a nan. A 1919 zuwa 1920 wani mutumin Sikotilan, Kyaftin Angus Buchanan, ya taso daga Kano ya bi ta Zinder zuwa Azbin yana tara tsuntsaye da dabbobi da ƙwari, kuma a 1921 Walter Rothschild ya buga bayanin faɗa-wuta da malam-buɗe-littafin da ya kawo a mujallar Novitates Zoologicae, tare da sababbin nau'o'i masu yawa. Ainihin ƙwarin suna gidan tarihin halittu na Landan. Saboda haka kaso mafi girma na wannan aiki shi ne tabbatar da cewa babu wanda ya riga ka, kuma ba a iya yin haka sai da ƙwaron da aka adana da kyau, mai cikakkiyar takardar shaida.

Idan burinka sabon nau'i ne, kada ka sa rai sosai a kan malam-buɗe-littafi. An san su fiye da sauran, littafin Torben Larsen na 2005 kaɗai ya tattara kusan nau'i 1,500 na Afirka ta Yamma, kuma na Sahel yawanci masu faɗin yanki ne da ake samu daga Senegal har Sudan. Ƙananan faɗa-wuta waɗanda fiffikensu bai kai santimita ɗaya ba, da ƙananan ƙwari masu dogon baki da ke huda ƴaƴan itace, da baƙaƙen da ke kwana ƙarƙashin duwatsu, can ne ba a gama ba.

Izini tukuna

A gonar wani, mai gona da mai gari. A daji mai kariya kamar na Takiyeta, ko gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012, sai da takardar ma'aikatan gandun daji. Fitar da ƙwaro ko ƙafarsa zuwa waje kuma ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan amfani da albarkatun halittu tsakanin ƙasashe, wadda Nijar ke cikinta, kuma gidajen tarihi da mujallu da yawa kan tambayi takardun izini kafin su karɓi aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi aikin ƙarƙashin inuwar jami'ar André Salifou ta Zinder, ko INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, ko ofishin kare tsirrai.

Lokaci da wuri

Makonni biyu zuwa uku bayan ruwa ya kankama, wato Yuli, ƙwarin da suka yi rani a ƙasa suna fitowa. Satumba zuwa tsakiyar Oktoba kuma shi ne lokacin da ya fi yawan nau'i, hatsi ya yi bununi, ciyawa ta ƙosa. Amma kada a naɗe kaya da kaka. Gawo yana kaɗe ganye da damina ya tofo da rani, don haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu gawon Matamaye da Magarya yana ɗauke da tsutsotsi da ƙwarin da mai kamun damina ba zai taɓa gani ba. A raba ƙafa tsakanin wurare masu bambanci: garakan Mirya, bakin tafkin Gidimuni, fadamun Korama, jigawar Tanut, da gindin duwatsun da ke kewaye da Birni. Wuri ɗaya da aka riƙa komawa kowane wata har shekara ya fi wurare goma da aka leƙa sau ɗaya.

Kamun dare

A ɗaura igiya tsakanin itace biyu, a rataya farin zane mai tsawon mita 2 da faɗin mita ɗaya da rabi, a shimfiɗa wani a ƙasa a gindinsa. A rataya fitila a tsakiyar zanen, tazarar taƙi ɗaya daga jikinsa. Fitilar LED mai haske shuɗi-shuɗi, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, mai tsawon zangon haske nanomita 365 zuwa 395, ta fi farar fitila jawo faɗa-wuta nesa ba kusa ba, kuma batirin cajin waya yana riƙe ta dare guda. Kada a ƙura mata ido. A jera kwalayen ƙwai uku ko huɗu a ƙasa, waɗanda suka gaji da zagaye za su shige ciki su lafe.

Farin wata shi ne babban kishiyar fitila. A zaɓi darare daga 25 ga watan Musulunci zuwa 5 ga na gaba, kuma a fi son dare mai zufa da lumshi wanda iska ta kwanta. Daren da iska ke kaɗa zane, gara a koma gida. A kunna da magariba. Masu taurin baya su ke fara zuwa cikin sa'a biyun farko, faɗa-wuta suna ta sauka har tsakar dare, wasu kuma ba sa zuwa sai gab da asuba, shi ya sa zagaye na ƙarshe kafin kiran salla yakan kawo abin da ba a gani ba tun farkon dare.

A sa takalmi rufaffe, domin kunama na zuwa cin ƙwarin da suka zubo. Abin sauƙin shi ne jikinta yana ƙyalli a ƙarƙashin wannan fitila, ana hango ta. A toshe kunne da auduga. Hangara kuma kada a murje ta a fata, ruwan jikinta ne ke tayar da bororo; a kaɗe ta kawai, ko a ɗauke ta da hantsaki. Manyan baƙaƙen nan masu farin ɗigo da ke gudu a ƙasa, dangin Anthia, suna fesa ruwa mai raɗaɗi, a kau da fuska in za a kama su.

Kamun rana da tarkuna

Ragar kamu ana yin ta da tsohon sange: zoben waya mai faɗin santimita 35 zuwa 40, jaka mai zurfin ninki biyu na faɗin bakin, da sanda mai tsawon mita ɗaya. Zurfin nan shi ne ke ba ka damar karya wuyan ragar ta rufe bakinta bayan ka kaɗa. Daga hantsi zuwa kafin azahar ne malam-buɗe-littafi ke shan fure da laimar bakin rijiya.

Don masu tafiya a ƙasa, a haƙa rami a binne kofin roba bakinsa daidai da ƙasa, in ya ɗara ko da kaurin yatsa ne ƙananan za su kewaye shi. A zuba ruwan gishiri kashi ɗaya cikin uku na kofin da ɗigo biyu na ruwan sabulu, a ɗora sakaina a kan duwatsu uku ta yi masa rumfa. Kofi goma, taku goma tsakanin kowane biyu. A zafin nan kada su wuce kwana biyu ba a duba ba, za su ruɓe. Don buzuzu, a ƙulle kashin dabba a ƙyalle a rataya a saman kofin, kuma a rubuta na wace dabba ne, domin na saniya da na jaki da na raƙumi ba lalle su jawo iri ɗaya ba.

Da sassafe, tun ƙwari ba su warware ba, a kifa laima a ƙarƙashin reshen bagaruwa ko aduwa ko sabara a buga reshen da sanda sau uku. Ayaba ko mangwaron da ya nuna ya wuce, a dama da sukari da ɗan yis a bar shi kwana uku ya yi tsami, a shafa a jikin itace da yamma: akwai faɗa-wutan da ba ruwansu da fitila amma suna zuwa wannan.

Hanyar da aka fi rainawa kuma ta fi riba ita ce kiwo. A ɗebi ƴaƴan bagaruwa ko na gawo da suka bushe a zuba a kwalba a ɗaure bakinta da ƙyalle, cikin makonni ƙwari za su huda su fito. Busasshen reshe mai ramuka, a sa a buhu a ɗaure. Tsutsa kuma a ɗauko ta da ganyen da aka same ta a kai, a canja mata sabo kullum, a share kashinta, a zuba yashi mai zurfin santimita 5 a gindin kwalbar don masu shiga ƙasa. Wanda ya fito ta wannan hanya fiffikensa bai goge ba, ga shi kuma ka san abincinsa, abin da ba a sani ba game da ɗimbin nau'o'in da aka sa wa suna shekara ɗari da suka wuce.

Kashewa da ajiyar daji

A sami kwalbar gilashi mai faɗin baki, a danna takardar goge hannu a gindinta, a ɗiga etil asetat ɗigo 10 zuwa 15, a ɗora wasu yagaggun takardu busassu a sama. Ana samun sinadarin a ɗakin gwaji, ana kuma samunsa a wasu magungunan goge jan farce, a karanta jikin kwalbar. Yana kama wuta, yana kuma narka wasu robobi. Idan ya yi yawa har jikin kwalbar ya yi gumi, garin fiffiken faɗa-wuta zai jiƙe ya manne, zanen ya lalace. Ƙananan faɗa-wuta minti 15 ya ishe su, manyan buzuzu sai sun yi sa'o'i, in ba haka ba su farfaɗo a kan allura. Kada a haɗa su a kwalba ɗaya: buzuzu ɗaya mai shure-shure zai goge fiffiken faɗa-wuta ashirin. Masu launin kore kuma hayaƙin yana kashe musu launi, gara a sa su a firiza.

Malam-buɗe-littafi ana matse masa ƙirji ne ta cikin raga da yatsa biyu, daƙiƙa kaɗan, fiffike a haɗe a sama. Ƙirji, ba ciki ba. Cikin nan za a buƙace shi daga baya. A sa kowane ɗaya a takardar da aka naɗe mai kusurwa uku, a rubuta wuri da rana a jikinta kafin a sa shi. Takardun su shiga akwatin roba mai rufuwa da ƙullin silika jel, ƙwayoyin nan masu shanye laima. Tsutsa a tsoma ta a tafasasshen ruwa kamar rabin minti don kada ta yi baƙi, sannan a sa a alkol mai ƙarfin kashi 70.

Nawa za a kama? Na abin da kake zato baƙo ne, 10 zuwa 20, maza da mata, in da hali daga lokuta dabam-dabam. Guda ɗaya ba ya nuna maka iyakar bambancin da ke tsakanin ƴan gida ɗaya. Abin da ka riga ka sani kuwa, hoto ya isa.

Soka allura da shimfiɗa fiffike

Wanda ya riga ya bushe, taɓa shi karya shi ne. A zuba yashi mai laima a akwatin roba, a ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗan saboda funfuna, a ɗora kwali, a jera ƙwarin a kai ba tare da sun taɓa ruwa ba, a rufe. Kwana ɗaya ga ƙanana, biyu ga manya. In sun kai kwana uku a zafin Zinder za a tarar sun yi funfuna.

Allurar ƙwari doguwa ce, wajen milimita 38, kuma ba ta tsatsa. Lamba 1 zuwa 3 sun isa yawancin aiki. Allurar tela gajeriya ce, tana da kauri, kuma damina ɗaya ta isa ta yi tsatsa ta fasa ƙwaron. Faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi ana soka su a tsakiyar ƙirji, allura a miƙe cak. Masu taurin baya kuma a murfin fiffiken dama, kusa da sama, yadda allurar za ta fito tsakanin ƙafa ta biyu da ta uku, ɓangaren hagu ya zauna lafiya don dubawa. A bar milimita 10 a sama wurin riƙewa. Wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba ba a soka shi: a yanka ƴar farar kati mai tsini, a ɗiga mata ƙaron dakwara da aka jiƙa aka haɗa da ɗigon gilisarin don kada ya tsage, a manna ƙwaron ta gefen dama, a soka allurar a katin. Amfanin ƙaro shi ne ruwa yana sake shi in an so a ciro ƙwaron.

Allon shimfiɗa ana yin sa da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firiji ko talabijin: falle biyu a manne a kan na uku, da kwari a tsakaninsu daidai kaurin jikin ƙwaron. A soka allurar a kwarin har gindin fiffike ya yi daidai da saman allon. A danne fiffiken da siririyar takarda mai shara-shara, a sa bakin siririyar allura a bayan babbar jijiyar gaba, ba tare da an huda ba, a ja fiffiken gaba har gefensa na baya ya miƙe ya gicciye jikin. A jawo na baya ya ɗan shiga ƙarƙashinsa. A kafe takardar da allurai a kewayen fiffiken. A tallafi cikin da allura biyu a gicciye don kada ya sunkuya. Da hunturu mako ɗaya ya isa, da damina sai biyu zuwa uku. Gwajin shi ne a taɓa ƙarshen cikin da allura a hankali: in ya motsa shi kaɗai, da saura. In aka cire da wuri fiffiken zai zube, a sake aiki daga farko. A busar a inuwa, rana tana cinye launi, kuma a tsoma ƙafafun teburin a gwangwanaye masu ruwa ko baƙin mai, domin kiyashi na iya gamawa da allo guda kafin gari ya waye.

Ƴar takardar shaida

Ƙwaron da ba shi da ita kwalliya ce kawai, ba mai bincike da zai iya aiki da shi. A farar kati mai kamar milimita 18 da 8, da fensir ko tawada marar gogewa, a rubuta ƙasa, jiha, gari mafi kusa da nisansa, lambobin GPS, rana, yadda aka kama, da wanda ya kama. Birnin Zinder yana wajen 13°48'N 8°59'E, amma a ɗauki lambar ainihin wurin da waya. Wata ana rubuta shi da lambar Rumawa, kamar 14.IX.2025, saboda Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana. Kati na biyu a ƙasansa ya ɗauki itacen da aka same shi a kai, da sunan Hausa da na Latin in an sani. Kowane ƙwaro kuma ya sami lambarsa shi kaɗai, wadda za ta bi hotonsa da ƙafarsa da duk abin da aka ciro daga jikinsa. Tawadar bik tana narkewa a alkol, cikin kwalba fensir kawai.

Akwatin ajiya ya zama mai rufuwa ruf, da soso a gindi. Ƙwaron da ke cin kiraga a majema da busasshen kifi a kasuwar Dole, shi da ƙannensa, su ne ke cin tarin ƙwari. Alamarsu gari mai laushi a ƙarƙashin allura. Da an gani, a sa akwatin a leda a ɗaure, ya yi mako guda a firiza, in wuta ta ɗauke har ya narke a sake ƙirga daga farko. In an fitar, a bar shi cikin ledar wuni guda kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan ƙwarin. Kafur a ƙulle a ƙyalle a kafe a kusurwa yana korar su, amma in aka bar shi sake zai gangara ya kakkarya ƙafafu.

Tantancewa: neman wanda ya riga ka

A fara da rabewa zuwa iyali. Malam-buɗe-littafi ƙahonsa na da ƙulli a ƙarshe, na faɗa-wuta kamar zare ne ko gashin tsuntsu. A masu taurin baya a duba siffar ƙaho, a ƙirga gaɓoɓin tafin ƙafa da gilashin ƙara girma mai ninki 10 ko 20. A ɗauki hoto sama da ƙasa da ma'auni a gefe. A ɗora a shafin intanet na iNaturalist don samun hasashen farko, a duba shafin Afromoths don jerin faɗa-wutan Afirka da inda aka same su, a duba GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya. Tsofaffin mujallu irin ta Rothschild suna nan kyauta a shafin Biodiversity Heritage Library. Kada a tsaya kan jerin Nijar kaɗai: a haɗa da Senegal, Mali, arewacin Najeriya, Chadi, Sudan, har ƙasashen Larabawa da Indiya, domin ƙwarin busasshiyar ƙasa da yawa sun ratsa duk wannan tsiri.

Ga tarkunan da suka fi kama sababbin shiga. Namiji da mace na nau'i ɗaya kan bambanta har a ɗauka biyu ne. Namijin Hypolimnas misippus baƙi ne mai fararen tabo, macen kuwa ja-ja ce, ta yi kama da Danaus chrysippus, wanda tsutsarsa ke cin tumfafiya. Na damina da na rani su ma kan bambanta a launi da girma, musamman fararen nan masu jan baki ko shunayya a fiffike, dangin Colotis, da ke yawo wajen anza da jiga. Tsutsar da ba ta ƙoshi ba kan haifar da ɗan ƙarami. Wanda ya tsufa ya goge kuma kan yi kama da wani abu dabam. Launi shi kaɗai ba hujja ba ne.

Fiɗa da DNA

Hujjar da masana ke yarda da ita a faɗa-wuta da masu taurin baya yawanci tana cikin al'aurar namiji, wadda take da tauri kuma siffarta ta keɓanta ga kowane nau'i. Kafin a taɓa ciki a yi abu biyu: a ɗauki hoto, a cire ƙafar tsakiya ɗaya da hantsakin da aka goge da alkol a sa a ƴar kwalba mai alkol kashi 96, saboda sinadarin fiɗa yana lalata DNA.

A tura cikin faɗa-wuta sama daga ƙasa a hankali, zai ɓalle. A narka giram 10 na KOH, sinadarin da ke narka nama da kitse, a ruwa mililita 90, ana zuba sinadarin cikin ruwa, da safar hannu da tabarau domin yana ƙona fata da ido. Cikin ya kwana a ciki, ko a tsoma kwalbar gwajin a ruwan zafi minti 5 zuwa 15. In bai daɗe ba kitse zai rufe komai, in ya daɗe da yawa sassan za su yi laushi su ɓace wa ido. A ɗauraye, a sa a alkol kashi 30, a share gari da kitse da siririn burushi a ƙarƙashin mikroskop, a jawo al'aurar a buɗe ɓangarorinta biyu. A ajiye ta a gilisarin cikin ƴar kwalbar da za a soka a allurar ƙwaron, ko a kafe ta a fallen gilashi da ƙaron Euparal. Ciki ɗaya a lokaci ɗaya, da lambarsa a gefe. Akwai "sababbin nau'o'i" da aka haifa ta hanyar haɗa jikin wani da cikin wani. A masu taurin baya, a jiƙa ƙwaron a ruwan zafi minti 10, a jawo gaɓar ta ƙarshen ciki da allura mai lanƙwasa, a manna a kati. Mutum ya koyi hannu a kan faɗa-wuta ashirin na gama-gari kafin ya taɓa wanda yake ji da shi.

Ƙafar kuma ana aika ta ɗakin gwaji a karanta wani yanki na DNA mai suna COI, mai haruffa 658, hanyar da Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003, sannan a kwatanta da waɗanda aka tara a rumbun BOLD na intanet. Bambancin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba yawanci nau'i ɗaya ne, wanda ya haura kashi 2 zuwa 3 ya cancanci a zurfafa. Amma rashin samun makamanci a rumbun ba ya nufin sabo ne. Ƙwarin Sahel da yawa masu tsofaffin sunaye ba a taɓa karanta DNA ɗinsu ba.

Daga nan sai a nemi masanin wannan iyalin, a tura masa hotuna. Shi zai ce a kwatanta da wane da wane, kuma shi zai taimaka a samu hoton ainihin ƙwaron da aka sa wa kowane tsohon suna, a Landan ko Paris ko Tervuren a Beljiyam. A kusa akwai tarin ƙwari a cibiyoyin bincike: AGRHYMET a Yamai, da Samaru a Zariya, da IITA a Kwatano, da IFAN a Dakar. Wannan mataki kan ci watanni, kuma sau da yawa amsar ita ce tsohon nau'i ne da ba a taɓa rubuta shi daga Nijar ba. Wannan ma ana buga shi a matsayin sabon rahoto ga ƙasa.

Raɗa suna

In duk ƙofofin sun rufe, sai a bi dokar sa wa dabbobi suna ta duniya, wadda ke ƙirga sunaye daga littafin Linnaeus na 1758, kuma bugunta na huɗu ke aiki tun 1 ga Janairun 2000. A zaɓi ƙwaro ɗaya cikakke, yawanci namijin da aka fiɗe, ya zama holotip, wato wanda sunan ke rataye a kansa har abada, a sa masa jan kati. Sauran su ne paratip. Dole rubutun ya faɗi ƙarara cewa sabon nau'i ne, ya ambaci holotip da gidan da aka ajiye shi, ya kuma faɗi da kalmomi abin da ya raba shi da makusantansa. "Ya fi duhu" ba bayani ba ne. A faɗi wace gaɓa, wace siffa, milimita nawa. A haɗa da hotuna, zanen al'aura, abin da ke kan katin shaida harafi da harafi, abincinsa, da asalin sunan.

Sunan kalma biyu ne: na dangi da babban baƙi, na nau'i da ƙarami. Haruffan Latin kawai ake amfani da su, don haka ƙ da ɗ da ɓ suna komawa k da d da b. Na wuri kan ƙare da -ensis, kamar damagaramensis. Na girmama namiji da -i, mace da -ae. Ana iya ɗaukar kalmar Hausa yadda take, kamar sunan itacen da tsutsar ke ci. Sa wa ƙwaro sunan kanka ba haramun ba ne a dokar, amma abin kunya ne a tsakanin masu aikin. A tabbata babu wanda ya taɓa amfani da sunan a cikin wannan dangin.

Sunan ba ya zama suna sai an buga shi a inda dokar ta yarda, kamar mujallun Zootaxa, ZooKeys, European Journal of Taxonomy, ko Metamorphosis ta masu nazarin malam-buɗe-littafin Afirka. Tun 2012 an yarda da bugun intanet zalla, da sharaɗin an yi wa aikin rajista a ZooBank, rajistar sunayen dabbobi ta intanet, kafin ya fito. Kundin kammala karatu da ke kan kanta a jami'a, ko sanarwa a Facebook da WhatsApp, ba sa tabbatar da suna, sai ma su jawo ruɗani, saboda haka a riƙe sunan a ciki har ya fito. In mutum biyu suka sa wa abu ɗaya suna, na wanda ya fara bugawa shi ke zama.

Holotip a kai shi gidan ajiya na hukuma mai kula da ƙwari, inda kowane mai bincike zai iya neman gani, ba akwatin ɗaki ba. Paratip a raba su gida biyu ko uku, kuma tun a takardar yarjejeniya da abokan aiki na waje a rubuta adadin da zai zauna a Nijar. Waɗanda suka zauna a nan a riƙa buɗe akwatinsu duk wata uku ana duba gari a ƙarƙashin allura, a sauya silika jel kafin damina ta faɗi.